Gurbi Ɗaya a Takardar 'Yan Adda

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan. Masu zagin Yeuri kuma, ku karanta tukuna kafin ku buɗe baki.

*

Ƙarfe biyu saura kwata Bienve ya kashe babur ɗinsa a ƙofar shagon Doña Eulalia. Bai sauka ba. Wanda ya goyo ma bai sauka ba.

"Sauka mana."

"Kai ka fara."

"Yeuri, ni na ɗauko ka ko kai ka ɗauko ni? Sauka."

Saurayin ya sauko, dogo kamar falwaya, hula ta cinye rabin fuskarsa. Shekara biyu da suka wuce, duk garin Caña Brava babu hannun da ake zance irin nasa. Shi ne mai jifan 'Yan Adda, ƙungiyar besbol ta garin. Sai 'Yan Shirwa na birni suka yafito shi, ya tattara ya tafi ana saura kwana uku wasan ƙarshe, ko sallama bai yi wa kowa ba. Yau ga shi ya dawo. Wasa tara ya yi a birni, an lallasa shi a bakwai, 'Yan Shirwa sun miƙo masa jakarsa.

Ƙarfe huɗu ofishin gasa ke rufe karɓar takardar 'yan wasa. Gurbi ashirin da biyar ne a takardar 'Yan Adda, an cike ashirin da huɗu. In sunan Yeuri bai shiga na ƙarshen ba, babu wata ƙungiya da za ta kalle shi bana. Mai jifan da ya zauna shekara guda a gida kuwa, sai dai ya riƙa ba da labari.

Kuma tun zamanin marigayi mijin Doña, wanda ya kafa ƙungiyar, suna ba ya shiga takarda sai da sa hannun mutum biyu: koci da kyaftin. Bienve ne kyaftin, shi ne kuma mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu. Nasa hannun tun jiya ya sa.

Saura na tsohon da ke koci.

Mutanen ƙungiya suna ƙarƙashin mangwaro, a teburin domino, kiɗan bachata na tashi daga cikin shago. Chelo ne ya fara hango su. Shi ya gaji tudun jifa bayan tafiyar Yeuri, kuma bakinsa ya fi hannunsa gudu.

"Kai jama'a! Wa nake gani haka? Ɗan birni! Ina jirgin da aka ce zai kai ka Amurka? Ko shi ne wannan da Kyaftin yake acaba da shi?"

"Chelo, ji da dominonka."

"Ni gaisuwa nake, Kyaftin. An ce a birni in ya hau tudu, masu sayar da gyaɗa a bayan katanga kwalkwali suke sawa."

Mutanen teburin suka fashe da dariya, ban da mutum ɗaya. Don Radhamés, kocin 'Yan Adda, ko kai bai ɗago ba. Shi ya riƙe Bienve ranar baftisma, shi ya sa har yau Bienve ke kiransa Padrino, wato uban baftisma.

Bienve ya cire hula. "A sa min albarka, Padrino."

"Allah ya yi maka albarka."

Yeuri ma ya cire tasa. "A sa min albarka, Don Radhamés."

Tsohon ya buga domino a tebur, tau!

"Chelo, kai ake jira."

Bienve ya mayar da hularsa. Kwana huɗu ke nan yana wannan zirga-zirga, ko fasinja bai ɗauka na kirki ba.

Doña Eulalia ta fito daga shago, takardar a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan. Ta kalli Yeuri daga sama har ƙasa.

"Ka rame. A birnin ba sa dafa wake ne?"

"Ina wuni, Doña."

"Ban wuni ba. Ku kashe min kiɗan nan. Radhamés, ga takarda, ga alƙalami. Ko ka sa hannu ko ka ce ba ka sawa, ni ina da tukunya a kan wuta."

"Ba na sawa."

"Shi ke nan, an gama," in ji Chelo.

"Ba a gama ba," in ji Bienve. "Padrino, dalili."

"Dalili? Wasa tara, bakwai a ƙasa. Ga dalili nan."

"Yau da safe na cafke masa jifa talatin. Dubi tafina." Ya buɗe hannun hagu, ya kumbura ya yi ja. "Hannun da ya mutu ba ya yin haka."

"Ko jaki in ya yi harbi yana kumbura mutum. Ba shi ke nuna a sa shi a takarda ba."

"To wa za mu sa a gurbin? Da Chelo kaɗai za mu shiga gasa? Mutumin da jifa ɗaya ya sani, miƙaƙƙiya, kamar mai miƙa wa baƙo ruwa?"

"Kai, Kyaftin! Ni me na yi? Ni dai ban gudu na bar ku ana saura kwana uku ba."

"Ai gara da ka gudu. Da ba a ci mu goma sha ɗaya ba."

Doña ta buga ludayi a jikin kujera. "Ku yi mini magana ɗaya bayan ɗaya."

Don Radhamés ya kife dominonsa. Sai a lokacin ya kalli Yeuri, kallo ɗaya, ya kau da kai.

"Yana shekara tara na tsinto shi a bayan injin rake, yana jifan murfin kwalba da yara. Ni na ba shi safar fata ta farko. Ni na koya masa yadda ake tsayawa a tudu. Shekara tara ina zuba ruwa, ranar da itace ya yi 'ya'ya sai ya zubar da su a gidan maƙwabci. Yanzu sun tsotse sun jefo mana ƙwallon, wai mu ɗauka mu ce mun gode."

"Yaro ne, ya yi kuskure."

"Ya yi. Ya je ya ci kuskurensa da ayaba."

Yeuri ya mayar da hularsa. "Kyaftin, mu tafi. Na faɗa maka."

"Tsaya nan."

"Ba na son roƙo."

"Na ce tsaya! Kai ma ka ishe ni. Kowa ya ishe ni yau."

Bienve bai so ya faɗa a gaban mutane ba. Tun Talata maganar ke cinsa. Ya so ya sami tsohon shi kaɗai, amma tsohon ya ƙi ba da fuska, ga lokaci yana tafiya. Ya dubi agogon waya. Biyu da kwata.

"Padrino, ka san Nicanor? Mai bugun ƙungiyar San Isidro, mai haƙorin azurfa?"

Hannun tsohon ya tsaya a kan domino.

"Ranar Talata na ɗauke shi a babur daga tasha. Bai gane ni ba, ina sanye da kwalkwali. Sarkin surutu ne. Muka wuce filin 'Yan Shirwa, ya ce, 'Allah sarki ɗan Caña Brava, mun ci abinci a kansa bana.' Na ce da yaya? Ya ce, 'Ai yaron sanarwa yake yi kafin ya jefa. In zai jefa karkatacciya, sai ya taɓa sarƙar wuyansa. In bai taɓa ba, miƙaƙƙiya ce. Ko makaho zai buga.'"

Hannun Yeuri ya tafi ƙirjinsa da kansa. A ƙarƙashin rigar akwai 'yar sarƙa mai hoton Maryama ta Altagracia, ta mahaifiyarsa ce, ita ta rataya masa a asibiti kwana biyu kafin ta rasu.

"Shekara uku ina tsugune a gabansa," in ji Bienve, "kullum ina ganin yana taɓawa, na ɗauka addu'a ce kawai. Ban taɓa lura da lokacin da yake yi ba. Ni ma jakin ne."

Chelo ya saki baki. "Kai! Ashe duk gasar sun sani, mu ne kawai..."

"Ban gama ba. Na ce wa Nicanor, lallai kuna da ido. Ya yi dariya har babur yana rawa. Ya ce, 'Wane ido? Kawo mana aka yi har gida. Tsohon kocinsa ne ya zo ranar bikin waliyyinmu, ya sha biyu, ya faɗa wa kocinmu. Daga nan ta zaga gasa.'"

Duk aka juya ga tsohon.

"Radhamés," in ji Doña a hankali. "Ƙarya yake yi?"

Tsohon ya ci gaba da juya domino a tebur.

"Da kai nake. Nicanor ƙarya yake yi?"

"Ban sha biyu ba. Ko ɗigo ban sha ba ranar."

"Wato da hankalinka."

"Da hankalina."

Doña ta ajiye ludayin a kan dominon, ta dafe ƙugu. "Kai da furfurarka? Da mijina Evaristo yana raye, da wannan ludayin zai bi ka har bakin titi."

"Evaristo ba shi ya tsaya a fili ranar wasan ƙarshe yana duban hanya ko yaro zai ɓullo ba. Ni na tsaya. Har alƙalin wasa ya zo sau biyu yana tambayata ina mai jifana."

Yeuri ya matso.

"Kai ka koya min."

Ya nuna tsohon da yatsa, ya ci gaba.

"Ina shekara goma sha biyar, da gwiwar hannuna ta fara ciwo. Kai ka ce, 'Karkatacciya ita ke cin hannun yara. Kafin ka jefa ta, taɓa Uwa, ka ce ta riƙe maka gwiwa.' Kai ka faɗa! A bayan injin rake, kana cin rake kana tofarwa!"

"Na faɗa."

"Wata shida ina kwana ina tashi ina cewa hannuna ne ya mutu. Na je wurin likita sau uku. Na daina cin nama, na koma ci, na canja takalmi. Kocin can ya ce kaina ne ya taɓu. Mutane suna jifana da ɓawon lemo. Ashe kai ne."

"Ni na faɗa musu. Amma ba ni na sa ka gudu ba."

"Da ka zage ni mana! Da ka zo ka mare ni a gaban kowa!"

"Ka tsaya ne balle a mare ka?"

Bienve ya shiga tsakaninsu. "Ya isa. An yi ɗaya da ɗaya. Ya yi maka, ka rama har da gyara. Yanzu a sa hannu."

"Gyara dai ya yi yawa," in ji Chelo, murya ƙasa-ƙasa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"To sai ya cire sarƙar," in ji Doña. "Magana ta ƙare."

"Ba na cirewa," in ji Yeuri.

"Kai, ɗan nan!"

"Doña, ko wanka ban taɓa cire ta ba. In sai na cire zan yi wasa, na haƙura da wasan. Gobe in je masana'antar ɗinki in nemi aiki."

Bienve ya runtse ido. Allah ya haɗa shi da tsoho mai taurin kai da yaro mai taurin kai, shi a tsakiya kamar naman da ke tsakanin haƙora.

"Wa ya ce ka cire? Taɓa ta kafin kowace jifa. Miƙaƙƙiya, taɓa. Karkatacciya, taɓa. Uwa ba za ta ce ka dame ta ba. Da safe haka na sa shi ya yi, ban faɗa masa dalili ba, jifa talatin, ko ni da nake ba da alama sai da ya ba ni tsoro."

Doña ta juya ga tsohon. "To ka ji. An toshe ramin da ka haƙa. Saura me?"

Don Radhamés ya miƙe a hankali, ya ɗauki hularsa.

"An toshe ɗaya."

"Ɗaya kamar yaya?"

"Biyu ne. Ɗaya na ba 'yan San Isidro. Ɗayan yana nan." Ya taɓa goshinsa. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi."

"Padrino, don Allah kar ka ɓata mana lokaci."

"Mu je fili. Jifa biyar. Ya taɓa sarƙarsa yadda yake so. In na kuskure ko ɗaya, in sa hannu, in roƙi gafararsa a gaban kowa."

*

Filin yana bayan shagon, tsakanin makaranta da gonar rake. Rana ta take, ƙarfe uku saura. Kafin Bienve ya gama ɗaura kayan kariya, rabin unguwa ta cika bakin waya. Labari a Caña Brava ba ya buƙatar babur.

Da ya zo ɗaure na ƙafar hagu, sai ya juya wa mutane baya. Ya ƙara matse bandejin da ke ƙarƙashin wando, ya cije leɓe. Tun bara da motar rake ta ture shi a kwanar gada, gwiwar ba ta koma daidai ba. Matarsa kaɗai ta san yadda take kumbura bayan kowane wasa.

Chelo ya ɗauki sanda ya tsaya a wurin mai bugu. "Ɗan birni, ka yi a hankali, fuskar nan da ita nake cin abinci."

Don Radhamés bai tsaya kusa da tudu ba. Ya taka can gefe, kusa da zangon farko, inda kocin abokan gaba ke tsayawa. Ya harɗe hannu.

Bienve ya tsuguna. Ya saukar da yatsa ɗaya tsakanin cinyoyinsa: miƙaƙƙiya. Yeuri ya gyaɗa kai, ya taɓa sarƙa, ya ɗaga ƙafa.

"Miƙaƙƙiya!" in ji tsohon, tun ƙwallon ba ta bar hannu ba.

Tau! Ta faɗa safa kamar harbin bindiga. Chelo ya ja da baya. "Uwar Allah! Wannan ne aka ce ya mutu?"

Yatsu biyu. Yeuri ya taɓa sarƙa.

"Karkatacciya!"

Ƙwallon ta taho daidai kan Chelo, ta karye, ta nutse a ƙasa gaban safa. Bienve ya tare ta da ƙirji. Mutanen bakin waya suka yi ihu, amma shi bai ji daɗin komai ba.

"Yatsuna yake gani," in ji Bienve. Ya ruga tudu. "Mu juya. Ɗaya karkatacciya, biyu miƙaƙƙiya. Kuma ka daina lumshe ido, ko me kake yi ka daina."

"Ba na yin komai, Kyaftin!"

"Kana yi! Da ba ka yi da bai gani ba!"

Ya koma ya tsuguna, ya kare yatsun da safa. Yatsa ɗaya.

"Karkatacciya!"

Uku ke nan.

Yatsa ɗaya kuma, ya maimaita da gangan.

"Ita ce dai!"

Wannan karon Chelo, da ya ji sanarwa, ya jira ta. Chelo da rabonsa da buga ƙwallo tun yana makaranta. Ƙwal! Ta tashi ta faɗa cikin rake. Ya jefar da sanda ya fara rawa.

"Kun gani? Kun gani? Ku kira 'Yan Shirwa, ku ce ga wani!"

"Rufe mana baki!" in ji Doña daga bakin waya.

Ta biyar Bienve ya kira miƙaƙƙiya. Tsohon ya faɗa tun Yeuri bai gama ɗaga ƙafa ba. Biyar cikin biyar.

Yeuri ya tsaya a tudu, hannuwa a sake. Sannan ya cire safarsa ya yar a ƙasa.

Bienve ya tuɓe garkuwar fuska, ya nufi tsohon, gumi na shiga masa ido.

"To ka ci. Ka ji daɗi? Faɗa mana mene ne, mu gyara. Kafaɗa ce? Yadda yake riƙe safa? Uku da kwata yanzu, tafiyar minti ashirin ce zuwa ofis. Faɗa!"

"Ka tabbata kana so in faɗa a nan?"

"Kai da ka faɗi na yaro a gaban 'yan San Isidro, yau kake jin kunyar mutane?"

Doña ta shigo fili da takardar. Yeuri ma ya sauko daga tudu.

"Ko sau ɗaya ban kalli yaron ba," in ji Don Radhamés.

"Kamar yaya?"

"Shi ya gyaru. Tun da ya fara taɓawa kowace jifa, ni kaina ba zan iya karanta shi ba. Kai nake kallo."

Bienve ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Na rufe yatsuna."

"Ba yatsu ba. Gwiwa."

Iskar da ke kaɗa rake ta tsaya, ko shi ne ya daina ji.

"Karkatacciyarsa a ƙasa take faɗuwa. Dole mai cafka ya zube a gwiwa ya tare. Da can kana zubewa bayan ta taho. Yanzu gwiwar hagu ba ta yarda ka faɗa mata da ƙarfi, sai kake sauke ta tun kafin ya jefa. Kaɗan-kaɗan, kamar mai shirin durƙusawa a coci. In miƙaƙƙiya ce ba ka motsi. Duk kocin da ya tsaya inda na tsaya zai gani a zagaye na biyu, ya yi wa mai bugunsa fito."

"Ƙarya ne."

"Kun ɗauka ku kaɗai ke tashi da sassafe? Ina bayan makaranta ina kallonku, jifa talatin. Ban kuskure ko ɗaya ba."

"Zan gyara."

"Da wace gwiwar? Cire bandejin su gani."

Bienve ya ja ƙafar hagu baya.

"Wane bandeji?" in ji Doña. "Bienvenido, wane bandeji?"

"Tun bara yake ɓoyewa," in ji tsohon. "Na yi shiru, don da Chelo babu ruwan gwiwa. Jifar Chelo ko a kujera mutum zai cafke."

Tsohon ya juya ga Bienve.

"Kana tsammanin don haushin yaron nan kaɗai na ƙi sa hannu? Haushi na ji, na kuma yi abin da na yi, Allah na gani. Amma wane mahaukacin koci ne zai ga hannu irin wannan a ƙofarsa kyauta ya ce ba ya so? Ina so. Tun ranar da aka sallame shi nake so. Sai dai in ya dawo ya jefa maka, abin da aka yi masa a birni shi za a yi masa a nan, a gaban 'yan garinsu, kuma wannan karon ba zai tashi ba."

Ya sa hannu a aljihun riga, ya zaro wata takarda a ninke.

"Amaury na La Loma, mai cafka ne kamarka. Shekararsa ashirin da biyu, gwiwoyinsa biyu lafiya. Ƙungiyarsu ta watse, ya yarda ya zo, ga takardarsa tun Alhamis. Kwana uku tana aljihuna tana ƙona ni."

"Gurbi ɗaya ne," in ji Doña.

"Ɗaya ne. Yaron ya shiga shi. Amaury kuma sai an soke wani."

"A soke Chelo," in ji wani daga bakin waya.

"Uwarka za a soke!" in ji Chelo.

"Chelo ina buƙatarsa ranar da yaron ke hutu. Sauran ma duk ina buƙatarsu. Mutum ɗaya ne a takardar nan da aikinsa zai ƙare ranar da Yeuri ya hau tudu." Tsohon ya kau da kai. Ya yi kaki ya tofar. "Na ce a bar maganar, ka ƙi. Kwana huɗu kana bina kamar mai bin kaza. To ga ta nan."

Ya karɓi takardar daga hannun Doña, ya ɗora a kan bencin 'yan wasa, ya sa hannu a ƙasa kusa da na Bienve. Ya rubuta sunan Yeuri a layi na ashirin da biyar, amma bai ɗaga tafinsa daga kan takardar ba.

"Ba ta barin filin nan sai an soke layi na bakwai. Kuma ba ni zan soke ba. Ni na riƙe ka a coci."

Ya miƙa alƙalami.

Bienve ya kalli layi na bakwai. Shekara goma sha uku sunansa yana wurin, tun Don Evaristo yana rubutawa da hannunsa. Shekararsa talatin da huɗu. In ya fita yau, ba wata ƙungiya, ba wata shekara. Sai babur, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa tasha, Lahadi ma kamar Litinin.

Shi ya ɗauko yaron nan da kansa. Da man babur ɗinsa.

"Uku da rabi ta gota," in ji Doña. Muryarta ba ta faɗa ba ce yanzu.

Bienve ya karɓi alƙalamin. Ya durƙusa gaban bencin, gwiwar ta yi ƙara, kowa ya ji. Ya ɗora bakin alƙalami a farkon sunansa.

Wani abu ya faɗo a kan takardar, ƙyal.

Sarƙa ce. Hoton Maryama ya kwanta daidai kan layi na bakwai, ya rufe sunan.

Bienve ya ɗago. Yeuri na tsaye a kansa, wuyansa fayau, sai farin zanen da sarƙar ta bari a fata.

"Ɗauke abin nan, Yeuri."

"Ba na ɗaukewa."

"Kai mahaukaci ne? Saura minti nawa ka sani?"

"In za ka soke, Kyaftin, sai dai ka bi ta kanta."